Manhajar Ƙananan Masana'antu: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Tun daga 1929, lokacin da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya dangana da Ƙauran Namoda, garin Gusau ya zama matattarar auduga da gyaɗar wannan yanki. A kan wannan amfanin gona aka kafa gidajen gurzar auduga, da kamfanin matsar mai, da masaƙar Zamfara da aka buɗe a shekarun 1960, wadda dubban magidanta suka ci abinci a cikinta kafin injinanta su yi tsit. Duk lokacin da aka zauna hira kan farfaɗo da masana'antu a Jihar Zamfara, waɗannan manyan gine-gine ake tunowa, a yi juyayi, a ɗora wa gwamnati laifi, a watse.

Sai dai sana'ar sarrafa kaya ba ta mutu tare da masaƙa ba. Ƙanƙancewa ta yi, ta bazu cikin unguwanni. Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Tsafe ta ratsa Kwatarkwashi ta shiga Gusau, ta fita ta nufi Bunguɗu, zai ga injinan casar shinkafa, da gidajen burodi, da gidajen ruwan leda, da masu buga bulo, da masu matsar man gyaɗa, da masu ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe. Kowane ɗayansu masana'anta ce a ma'anarta ta asali: ana sayo ɗanyen kaya, a haɗa shi da inji da hannun ma'aikata, a fitar da wani abu dabam a kai kasuwa. Binciken da hukumar SMEDAN ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2017 ya ƙirga ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Nijeriya, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 daga cikinsu ma'aikatansu ba su kai goma ba. Ke nan idan ana maganar masana'antu a ƙasar nan, mai injin casa da yaransa shida ake nufi kafin kowa.

Lissafin irin wannan masana'anta a wuri uku yake zaune. Akwai littafin akawu mai bangon kwali, akwai wayar maigida inda saƙonnin banki ke shigowa, akwai kuma kan maigidan kansa. Na ukun nan ya fi sauran ɗaukar kaya. Shi ya san dilan da ya karɓi buhu arba'in ya biya kuɗin ashirin da biyar, shi ya san manomin da aka ba kuɗin taki da damina bisa alkawarin zai kawo shanshera da kaka, shi ya san ranar da aka canza bel ɗin inji. Muddin yana nan da lafiyarsa, komai na tafiya. Ranar da ya kwanta ciwo, ko ya tafi aikin Hajji, sai aiki ya fara tangal-tangal. Ranar da ta Allah ta kasance kuwa, magada su tarar da inji da sito da littafin da babu mai fahimtarsa, masu bin bashi su yi layi, waɗanda ake bi su yi ɓatan dabo. Da yawa daga masana'antun da muka gani sun rufe bayan rasuwar masu su, kasuwarsu na nan, lissafinsu ne aka binne tare da maigida. Ba banza ba ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta kasance a kan rubuta bashi.

Maganin da kowa ke ambata a yau shi ne manhajar kwamfuta ko ta waya, wadda za ta riƙe lissafin kayan da suka shigo, da waɗanda aka sarrafa, da waɗanda aka sayar. Manhajojin kuwa suna nan birjik. Abin da aka saba gani shi ne a sayar wa mai masana'anta ɗaya daga cikinsu, a koya wa akawunsa na kwana biyu, a yi amfani da ita mako uku, sannan a koma wa littafi. Idan ka tambayi wanda ya sayar, sai ya ce mutanenmu ba su da ilimi, ba sa son ci gaba. Wannan zargi ba ya tsayuwa da ƙafafunsa. Mutumin da ake cewa ba ya son ci gaba shi ne wanda yake ƙulla cinikin tirelar kaya ta saƙon murya a WhatsApp. Shi ne kuma wanda, a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, ya koyi tiransifa da na'urar POS cikin 'yan makonni, ba tare da wani ya shirya masa taron bita ba. Abin da ya ga amfaninsa a aljihunsa ya runguma. Saboda haka idan ya ajiye manhaja, a wajen wanda ya tsara ta ya kamata a fara neman dalili.

Tarihin waɗannan manhajoji ya bayyana inda gizo ke saƙar. A manyan masana'antun Amurka aka haife su a shekarun 1960, lokacin da injiniyoyi irin su Joseph Orlicky na kamfanin IBM suka tsara yadda kwamfuta za ta lissafa kayan da ake buƙata domin ƙera wani adadi na haja. A 1972 wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa kamfanin SAP a Jamus, wanda ya zama uba a wannan fage. An gina manhajojin ne domin kamfani mai sassa: sashen saye, sashen sito, sashen kuɗi, sashen sayarwa, kowanne da ofishinsa da ma'aikacin da aikinsa kawai cike gurabe a kwamfuta. Mafi yawan abin da ake tallata wa ƙananan masana'antu a yau wannan tsarin ne aka rage wa tsawo. A gidan burodin da ke Tudun Wadar Gusau kuwa, sassan nan huɗu mutum ɗaya ne, kuma yana tsaye a bakin tanda. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kada mai karatu ya ɗauka talaka kaɗai wannan matsala ke kamawa. Kamfanin Lidl na Jamus, mai dubban manyan kantuna a Turai, ya fara aikin sauya manhajar kula da hajarsa zuwa ta SAP a 2011. A 2018 ya yi watsi da aikin, bayan an ba da rahoton ya kashe kusan Yuro miliyan 500. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da aka bayar shi ne cewa Lidl ya saba ƙimanta kayansa da farashin da ya sayo su, ita kuwa manhajar an gina ta ne a kan farashin sayarwa. Kamfanin ya ƙi sauya al'adarsa, gyaran manhajar kuma ya yi ta cin kuɗi har aka haƙura. Idan saɓani kan yadda ake ƙirga haja ya kayar da aikin rabin biliyan a Jamus, babu mamaki ya kayar da na naira dubu ɗari biyu a Tsafe.

Akwai kuma misali na ɗaya ɓangaren. A 1986, a birnin Bangalore na Indiya, wani ɗan kasuwa mai suna Shyam Sunder Goenka, wanda ke sayar wa masaƙu kayan aiki, ya nemi manhajar da za ta riƙe masa lissafi ya rasa wadda zai iya sarrafawa. Manhajojin lokacin suna buƙatar mutum ya haddace lambobin da aka ba kowane asusu. Sai ya sa ɗansa Bharat, wanda ya karanta lissafi, ya rubuta masa wadda za a riƙa kiran kowane asusu da sunansa, kamar yadda akawu ke yi a littafi. Wannan manhaja ce ta zama Tally, wadda miliyoyin ƙananan 'yan kasuwa ke amfani da ita a Indiya da wajenta. Sirrinta shi ne wanda ya rubuta ta yana zaune gida ɗaya da wanda zai yi amfani da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, mene ne mai ɗakin namu yake son sani? Duk mai ƙaramar masana'anta, idan rana ta faɗi, tambayoyi huɗu ke ransa: me ya shigo yau, me ya fita, wa nake bi kuma wa ke bi na, nawa ya rage a sito da aljihu. Manhajar da ta amsa waɗannan a fuskar farko, da manyan lambobi, ta gama rabin aikinta. Wadda ta tarbe shi da jadawali goma sha biyu da zane-zane masu launi, ta ɓoye amsar a shafi na biyar, ta riga ta faɗi tun ba a fara ba.

Bari mu ɗauki injin casar shinkafa a matsayin misali, domin a ga inda kuɗi ke zurarewa. Kilo 100 na shanshera mai kyau yakan ba da tsakanin kilo 60 zuwa 65 na shinkafa, sauran ya tafi a ɓuntu da dusa. A ce mai inji ya saba samun kilo 63, sai a wani mako ya sarrafa buhu 200 masu kilo ɗari-ɗari ya samu kilo 60 a kowanne. Bambancin kilo uku ne kacal, ido ba ya ganinsa. Amma a buhu 200 ya zama kilo 600, wato buhu 12 masu kilo 50. Mai karatu ya buga wannan da farashin buhu a kasuwa yau. Dalilin na iya zama inji ne ya ci, ko wani na ɗiba, ko kuma an sayo shanshera da danshi. Shansherar da aka auna tana da danshi kashi 20 cikin 100, idan ta bushe ta dawo kashi 14 da ake so kafin casa, kusan kilo bakwai take rasawa a kowane ɗari. Wanda ya saye ta a sikeli bai rage wannan ba, ya sayi ruwa da kuɗin shinkafa. Littafin akawu ba zai nuna masa haka ba, domin saye na shafi ɗaya, casa na wani. Aikin manhaja shi ne ta haɗa shafukan biyu, ta ce masa: kayan da ka sayo daga wajen wane ran Talata kilo 60 suka bayar, na wane kuwa 64. Mai ruwan leda ma irin tambayarsa ke nan, jaka nawa mai ƙulli 20 ta fito daga kilo ɗaya na leda. Mai burodi kuma, guda nawa buhun fulawa ya haifa, lita nawa ta man dizal janareta ya sha kafin a gama.

Daga nan sai batun ma'auni. Manhajar da aka ƙera a waje kilo da lita ta sani. Kasuwarmu kuwa da buhu da tiya da mudu da jarka da durom take magana, kuma buhun wannan gari ba lallai ya yi nauyin na wancan ba. Dole a bar mai masana'anta ya gaya wa manhaja abin da buhu yake nufi a wajensa, ita ta yi juyin a ɓoye. Haka kuɗi. Dattijon da ya ce jaka biyar a Gusau naira dubu yake nufi, domin jaka a wajenmu naira 200 ce, amma abokin cinikinsa na Maraɗi idan ya ce jaka, sefa dubu yake nufi. Haka sunaye. A littafin bashi mutum biyar na iya zama da suna ɗaya, laƙabi da gari ke raba su. Garin ma wani zai rubuta Tsafe, wani Chafe. Wani Kwatarkwashi, wani Kotorkoshi. Wani Ruwan Ɓore, wani Ruwan Bore, wani Ruwan Baure. Manhajar da ba ta gane cewa wuri ɗaya ake nufi ba za ta raba bashin manomi ɗaya gida uku, ranar biya kuma a yi rigima. Waɗannan su ne abubuwan da wanda bai taɓa zama a bakin sikeli ba zai ɗauka ƙanana ne.

Shi kansa bashi ya kamata ya zama ƙashin bayan manhajar, domin a kansa cinikinmu ke tafiya. Manhajojin waje suna ɗauka cewa ciniki shi ne a ba da kaya, a yanke rasit, a biya. A nan kuwa dila zai ɗauki kaya yau, ya turo rabi ta tiransifa jibi, ya aiko direba da wani abu a hannu ran kasuwa, ya dawo da buhu biyu da ya ce sun jiƙe, sannan ya ƙara ɗaukar wasu a kan tsohon bashi. Ta ɗaya gefen, manoman Mada da Wonaka da Ruwan Ɓore sun karɓi kuɗi tun shuka, za su biya da amfanin gona a farashin da sai kaka za a sani. Duk manhajar da ta ƙi karɓar irin wannan ciniki, ta ce sai an rufe wancan kafin a buɗe wannan, ta tilasta wa akawu ya ajiye littafi a gefe. Da zarar lissafi ya rabu biyu, na littafi ake yarda da shi.

Sharaɗi na gaba Zamfara ta koye shi da tsada. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da dawo musu da shi. Duk wanda lissafinsa ke zaune a rumbun intanet na wani kamfani a Legas ko Turai, a waɗannan makonni ba shi da lissafi. Ko a ranakun lafiya ma, sabis a ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe zuwa yake yana ɗaukewa. Don haka manhajar da za ta yi aiki a nan wajibi ne ta zauna a cikin wayar kanta, ta karɓi komai ko babu data, ta aika kwafi idan sabis ya samu. Kuma ta yi aiki a ƙaramar Tecno ko Itel mai tsagaggen gilashi, domin ita ke hannun mai sito. Kamfanin Transsion mai waɗannan wayoyi da irin wannan lura ya mamaye kasuwar Afirka: ya ga mutane na riƙe layi biyu kuma wuta ba ta zama, sai ya yi waya mai sim biyu da batir mai daɗewa.

A tuna kuma da hannun da zai taɓa wayar. Hannu ne mai ƙura ko maiƙo, a cikin ƙarar inji, a ƙarƙashin rana, ga leburori na jiran a ƙirga musu buhu. Mai wannan hannu wataƙila ya fi ƙwarewa a ajami a kan boko, kuma tabbas ya fi sakewa da Hausa a kan Turanci. Shigar da buhu talatin bai kamata ya wuce dannawa uku ko huɗu ba. Madannai su zama manya, hoton buhu ya tsaya a madadin dogon rubutu, a ba shi damar ɗaukar hoton sikeli ko ya bar bayani da murya. Hausar ma ta zama ta bakin inji, a ce bashi, a ce saura, a ce ya biya, kada a ɗauko kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Tsarin kula da aikin masana'anta da duniya ta fi yabawa, wato kanban na kamfanin Toyota wanda Taiichi Ohno ya raya tun daga shekarun 1950, da katin takarda ya fara, ana liƙa shi a jikin akwatin kaya. Ƙarfinsa shi ne kowane ma'aikaci na gane shi da kallo ɗaya.

Akwai wani al'amari da ba kasafai littattafan koyar da tsara manhaja ke kawo shi ba, amma a Zamfara magana ce ta rai da mutuwa. A yankin da masu garkuwa da mutane ke dogara da masu kai musu rahoto, wayar da ke nuna cinikin da mutum ya yi a wata da kuɗin da ke asusunsa makami ce idan ta faɗa hannun da bai dace ba. Ana tare hanya, ana karɓe waya, ana tilasta wa mai ita ya buɗe. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu masana'antu da yawa suka gwammace lissafi ya zauna a kansu, kuma suna da gaskiya. Manhajar da ta san inda take za ta raba gani: mai sito ya ga buhu, bai ga kuɗi ba, direba ya ga kayan da aka ɗora masa kawai, jimillar riba da jari kuwa sai maigida, a bayan lambar sirri ta dabam, kuma ya iya cire ta daga wayar da yake tafiya da ita. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, amma kafin doka, hankali ma ya isa ya nuna haka.

Sai kuma zaman maigida da yaransa. Sau da yawa ana tallata manhaja da cewa za ta kama ɓarawo. Ranar da akawu da mai sito suka ji haka, sun gane an kawo musu ɗan sanda, kuma su ne ake so su ciyar da shi. Ba za su yi ba. Za a ji waya ta mutu, caji ya ƙare, an manta. Hanyar da ta fi ita ce wanda ke shigar da bayani ya ga ribarsa a ciki. Leburan da ake biya da buhu ya ga adadinsa babu gardama. Mai sito mai amana ya samu shaidar da za ta wanke shi ranar da kaya suka yi ƙasa. Kuskure kuma a bari a gyara shi, domin wanda ke tsoron kuskure ba ya taɓa waya, amma gyaran ya bar sawu, a ga wanda ya yi da lokacin da ya yi. Da haka amana ke samun madogara, zargi ya ragu.

Farashi ma ɓangare ne na tsari. Manhajar da ake biya da dala ta zama kaya mai nauyi tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Mai injin casa kuma kuɗinsa da kaka yake shigowa, don haka biyan wata-wata da ke rufe masa lissafi ranar da ya makara zai ɗauke shi a matsayin cin mutunci. Kuma kamfanonin manhaja suna mutuwa kamar kowane kamfani. Tilas mai masana'anta ya iya fitar da lissafinsa gaba ɗaya, a takarda ko a fayil, duk ranar da ya so, ba tare da roƙon kowa ba. Wannan takarda ita zai kai Bankin Masana'antu idan yana neman rance, domin babu bankin da ke ba da kuɗi a kan abin da ke kan mutum. Ita zai nuna wa jami'an NAFDAC idan suka tambayi ranar da aka yi wani rukunin ruwa da inda aka kai shi. Da ita zai san abin da ya hau kansa na zakka idan shekara ta zagayo.

Wa zai gina irin wannan manhaja? Ba na jin wani kamfani a Kalifoniya zai damu da tiya da jaka. 'Ya'yanmu ne za su yi, kuma muna da su. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga kuma matasan da suka shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Duk wanda ke koyarwa a manyan makarantun ƙasar nan ya san cewa kowace shekara ana rubuta ɗaruruwan kundayen kammala karatu a kan manhajar kula da sito, kuma mafi yawansu sitonsu a cikin tunanin ɗalibi yake. Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A shar'anta wa ɗalibi ya yi mako biyu a masana'anta ta gaske kafin ya rubuta komai, yana kallo, yana kwafe shafin littafin akawu da izinin mai shi. Watannin horon SIWES da ake ƙarar da su a ofisoshin da babu aiki, a karkatar da wasu zuwa gidajen casa da na burodi. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna tun a shekarar 2000 cewa gwada manhaja da mutum biyar kacal na tona mafi yawan matsalolinta. Mutum biyar ɗin nan suna nan a bayan kowace kasuwa. Makin ɗalibi kuma a rataya wani kaso nasa a kan tambaya ɗaya: bayan kwana talatin, akawun na amfani da ita ko ya koma wa littafi?

Ƙungiyoyin masu sana'a su ma suna da rawar takawa. Mai inji ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin gina manhaja ba, amma ƙungiyar masu casa ko ta masu burodi na iya haɗa kuɗi ta ɗauki matasa biyu ko uku, ta mallaki abin da suka gina, ta kuma tabbatar akwai wanda za a kira a cikin gari idan ta samu matsala. Wanda zai zo da babur cikin rabin sa'a ya fi lambar wayar kamfanin da ba a ɗauka.

Manhaja ba za ta kawo wutar lantarki ba, ba za ta sauke farashin man dizal ba, ba za ta kori ɓarayin daji daga hanyar gona ba. Waɗannan suna wuyan hukuma, kuma za mu ci gaba da tuna mata a wannan fili. Amma a lokacin da riba ta sirance haka, buhu 12 da suka zurare a mako ba a sani ba su ne tazarar da ke tsakanin masana'antar da za ta ga baɗi da wadda za a sa wa kwaɗo, ma'aikatanta shida su koma zaman majalisa.

Shawarata ga mai masana'antar da aka kawo wa tallar manhaja ita ce kada ya biya ko kwabo a ranar farko. Ya miƙa wayar ga mai sitonsa, a kashe data, a ce ya shigar da cinikin jiya kaf, har da na dilan da ya biya rabi da manomin da ya ci kuɗin kaka, mai tallar kuma ya rungume hannu ya yi shiru. Idan yaron ya gama ba a taimake shi ba, a zauna a yi ciniki. Idan ya kasa, a ba mai tallar ruwa ya sha, a roƙe shi ya zauna mako guda a bakin inji, sannan ya koma ya gyara.